Bango Ba Ya Sa Hannu

Shekara talatin da biyu ina ɗora bulo bisa bulo,
daga Bagalam har bayan Ali Ɗan Sofo.
Siminti ya san tafin hannuna fiye da bakin shebur,
amma allon da ake kafawa a ƙofar aiki
bai taɓa ɗaukar sunan Labo ba, ko sau guda.

Alhaji Gonda ke cin kwangila, ni ke shan rana.
Shi ke yanka ƙyalle ranar buɗewa,
ina can baya ina wanke cokalin shafe.
Ran da ya zaftare mini jikka ashirin na tambayi dalili,
ya ce, "Kai da wa? Ina taka takarda?"

Litinin na sa rigar Juma'a, na hau kabu-kabu.
Biro na uku, hannun hagu.
Mushe Illa bai ɗago ba, ya turo jeri:
rajistar kasuwanci, lambar lanho,
takardar kotu mai cewa ban taɓa kwana kaso ba,
hoto huɗu, tambur, shaidar banki,
lissafin kayan aiki,
da mai difloma ɗaya, ko a ƙi yarda.

Kayan aiki na faɗi gaskiya:
baro uku, ɗaya ba taya,
tsani biyu, igiyar awo, injin kwaɓa na haya,
sai ido
da ke gane karkata tun daga bakin titi.
Ya ce ba gurbin ido a takarda.

"Ina shaidar ayyukan da ka gama?"
Na ɗaga kai.
Rufin nan da ke tare maka rana, mushe,
ni na zuba shi, da azumi a bakina,
shekarar da gulbi ya cika ya hau lambuna.
Ture kabad, ɓamɓare shafe kaɗan,
za ka ga alamata da na zana da ƙusa.
Ya yi dariya, ba ta mugunta ba.
"Baba, bango ba ya sa hannu.
Yamai ba ta karanta siminti. Kawo shaida."

Sau uku na je gun Alhaji.
Yana barci. Ya tafi Jibiya. Yana barci.
Wayarsa na ji tana kuka cikin gida.

Sai na bi sawuna baya.
Mai kantin magani a Mokoyo ya buga hatimi bai karanta ba,
ya ce damina tara ko ɗigo bai gani ba.
Shugabar lakwal a Ɗan Isa ta rubuta shafi biyu,
har da tagar da na ƙara ba a biya ni ba.
Ashe wasu sun riƙe abin da na yada.

Saura mai difloma.
Na kwana ina lissafin wanda zan roƙa,
Tsahara ta ajiye tuwo, ta ajiye takarda kusa da shi.
Ita ce na yi wa faɗa shekara huɗu baya:
mace da karatun gini, wa ya taɓa ji?
Ba ta tuna mini ba.
Biro kawai ta miƙo, ta nuna inda.

Hannun da ke tsai da ginshiƙi ba ya rawa,
sai ga shi yana ɓari kan layi ɗaya.
Na ɓata kwafi biyu.
Ta ce, "Ɗauke shi kamar igiyar awo, Baba,
ja daga nan zuwa can."
Na ja. Ya ɗan karkata. Ta ce ya isa.

Yau wata biyu dosiye na Yamai.
Mushe Illa ya ce a dawo bayan Salla.
Na riga na sayi allo, na shafa farin fenti,
yana jingine a zaure, fuskarsa ga bango.
Jiya na iske ta tana awon faɗinsa da taƙi,
wai ko zai ɗauki suna biyu.